Hancin Mai Daddawa

Uwata ba ta bar mini zane ko tasa ba, hanci ta bar mini. Ita mai daddawa ce, uwarta ma haka, kuma tun ina 'yar ƙanƙanuwa take kama kunnena ta kai ni bakin kwandon da aka lulluɓe, ta ce in shinshina in gaya mata saura kwana nawa. In na kuskure in sha ranƙwashi. Wanda bai san sana'ar ba yana tsammanin wahalarta tana wajen dafa kalwa, ko surfe, ko wanki a rafi. Waɗannan ƙarfi kawai suke so, kowace ƙatuwar banza za ta iya. Wahalar tana cikin kwanakin da kalwa take kwance a rufe cikin ganye da tsumma, ba a buɗe ta a leƙa, domin in ta sha iska ta fasa nuna. Ƙidayar kwana ba ta isa, don da zafi takan yi sauri, da sanyi ta yi nawa. Daga waje za ki tsaya ki ji da hancinki. Akwai wani ɗan lokaci, bai fi daga hantsi zuwa la'asar ba, da warin yake cika ya yi daɗi. Kika ɗauke kafin nan, tsakuwa kika yi. Kika bari ya wuce, sai zarni, daga nan sai ɗoyi da tsutsa.

An kai ni aure wani ɗan gari mai ganuwa tsakanin Malumfashi da Ƙarfi, a zamanin da ake rufe ƙofar gari tun rana ba ta gama faɗuwa ba saboda mahara. Ba yabon kai ba, cikin 'yan shekaru daddawata ta yi suna, har fatake masu wucewa Maska da Zazzau sukan aiko a saya musu guzuri. Mijina mutum ne mai sanyin hali, ni kuwa Allah bai yi ni haka ba, amma mun zauna lafiya. A daminar shekararmu ta tara zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyar ya ɗauke shi, ya bar ni da 'ya'ya biyu, namiji da mace, babban ko kaciya ba a yi masa ba tukuna. Na yi takaba a ɗakina. Da na fita, dangina suka aiko in koma gida, na ce ba ni zuwa. Kowa ya san yadda abin yake: in na fita ni kaɗai zan fita, 'ya'ya na gidan ubansu ne. Na ce zan zauna in ci da su da hannuna, ban roƙi tsabar kowa ba.

Gidan a hannun mutum biyu yake. Akwai wan mijina, wanda ya zama maigida, mutum mai tsoron bakin mutane fiye da tsoron kura. Akwai kuma uwar mijina, tsohuwa doguwa busasshiya, da muke kira Inna. Tun ranar da aka kawo ni ta ce idona a tsaye yake, ni kuma na ga bakinta ya cika kaifi, muka zauna a haka, gaisuwa safe da maraice, ba ƙari.

Da aka yi rabon gado, gonar mijina ta koma cikin gandu har yaro ya girma, wannan ban yi musu ba. Itatuwan ɗorawa biyar da ke bakin gonar aka bar mini, tunda ni ce mai amfani da su. Amma rumbun da muke zuba ɗorawa a ciki, wan mijina ya ce dawa ta yi yawa bana, yana bukatarsa. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna wan miji ne, ba a ɗaga masa ido, na haɗiye. Da bazara ta zo aka kaɗo ɗorawa, ta yi albarka irin wadda ban taɓa gani ba. Ina zan kai ta? In bar ta a tsakar gida awaki su yi biki? Na jibge ta a ɗakina, daga bayan gado har kusa da jinka, muka riƙa kwana da ita ni da yaran. Ɓara da daka da tankaɗe ma na mayar da su cikin ɗaki, don kada a ce na baɗe wa mutane tsakar gida da gari.

Dama tun ina yarinya duk lokacin garin ɗorawa nakan yi atishawa kwana uku ko huɗu, ido ya yi ƙaiƙayi, sannan ya wuce. Ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Wannan shekarar bai wuce ba. Da asuba kafin hannuna ya kai ga buta sai in jera atishawa ba adadi, tun matan gida suna amsa mini da addu'a ta bayan katanga har suka gaji suka bari. Da farko ruwa ne yake zuba. Daga baya ya yi kauri ya tsaya, hanci ya toshe dama da hagu, na koma numfashi ta baki, maƙogwaro ya bushe. Ƙarƙashin idanuna ya riƙa zafi, haƙoran sama suna tsami kamar na ci ɗanyar tsamiya. In na yi sujada sai in ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a goshi. Ranar da na san abin ya kai inda ya kai, tuwo ne ya kama a tukunya ina zaune gabansa da muciya a hannu, sai da matar wan mijina ta taso daga ɗakinta tana tambayar wa ke ƙona abinci. Ban ji ƙaurin ba ko kaɗan.

Ban gaya wa kowa ba. Mura kowa ya ga ina yi, mura kuwa ba abin magana ba ce. Amma a ji cewa mai daddawa ba ta jin wari, sana'a ta mutu ke nan, sana'ar nan kuwa ita kaɗai ta riƙe ni kusa da 'ya'yana. Sai na shiga neman magani a ɓoye. Na shaƙi garin taba har na ga ɗaki yana juyawa. Na ɗiga man shanu mai ɗumi. Wanzami ya yi mini ƙaho a ƙeya, ya nuna mini baƙin jini ya ce ga ciwon nan ya fito, alhali ciwo yana nan ko gyara zama bai yi ba. Duk wanda ya ji muryata sai ya ce sanyi ne, saboda haka na saki asabari, na toshe 'yar tagar da tsumma, na hura wuta, na zauna cikin hayaƙi da garin ɗorawa ina jiran sauƙi. In na tuna yanzu sai in ji kamar in koma in mari kaina.

Kwandon farko na bi ƙidayar kwana, na ɗauke da wuri, ta fito da tauri tana tsami. Na biyu, don tsoron abin da ya faru, na ƙara mata lokaci, sai da gida duka ya ɗauki ɗoyi ni ban sani ba. Na uku na ce ko ba ta yi kyau ba ta yi dama-dama, na daka na mulmula na shanya, aka kai kasuwa. Washegari wata maƙwabciya ta dawo mini da tata a faifai, ta ce miyarta ko kare ya ƙi sha.

A ƙasarmu kowace mace ta san abin da ke ɓata daddawa. In mace ba ta da tsarki, ko tana jinin al'ada ko ta kwana da namiji ba ta yi wanka ba, ta taɓa kalwa, to ba za ta yi ba. Haka aka gaya mini, haka na yarda, ni ma da bakina na sha faɗa wa wasu. Sau ɗaya, a ce al'ada ce ta zo ba shiri. Amma sau uku a jere, ga mace ba miji, wadda ta shekara tara ba ta ɓata ko kwando ɗaya ba, mutane ba su bukaci a ƙarasa musu zancen ba. In na isa bakin rijiya sai hira ta mutu. Har mutumin ma an samo mini, wani falke da ke zuwa sayen daddawa, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba, muryarsa kawai na sani ta bayan zana.

Wata Juma'a da hantsi aka ce wan mijina yana kirana. Na same shi zaune kan buzu a ƙofar ɗakin Inna, ita tana gefe tana kaɗi. Na durƙusa nesa kaɗan na gaishe su. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo.

Ya ce, "Magana ta yi yawa a gari. Gidan nan ba a taɓa jin irin wannan a cikinsa ba. Abin da na gani, ki koma gidanku ki huta, in Allah ya kawo miji ki yi aure. Yara suna nan wajen kakarsu, ba abin da za su rasa."

Ranar ce na fara ɗaga kai na dubi fuskarsa. Na ce, "Yaya, wace magana ce ta yi yawa? A faɗe ta da sunanta in ji."

Inna ba ta tsayar da mazarinta ba. Ta ce, "Ke dai ba ki da ta ido. Daddawarki ta faɗa, mu mi za mu ƙara?"

Abin da na ɓoye wata biyu, nan na fito da shi, kuma ya yi mini ciwo kamar ana cire mini haƙori. Na ce, "Hancina ne ya mutu, Inna. Wata biyu ke nan ban ji warin komi ba. Ko mushe aka ajiye gabana ban sani ba."

Wan mijina ya yi wata 'yar dariya. Ya ce, "Mura? Wa bai taɓa yin mura ba?"

Inna ta ce, "Na ga masu daddawa da mura, na ga masu daddawa da tari. Ban ga wadda ta ɓata kwando uku ba."

Sai ya ce in gaskiya gare ni, in zo a je wajen liman in dafa Alƙur'ani. Fushi ya kama ni. Na ce, "Ba ni taɓa littafin Allah a kan hirar bakin rijiya. In an ga namiji, a kawo shi, a kawo waɗanda suka gan shi. Kuma ba inda za ni. Ɗakin nan a ciki na haihu, a ciki na yi takaba. Wanda ke so in fita sai dai ya ɗauke ni a kai."

Matar wan mijina da ke laɓe bayan rumbu har ta saki taɓarya. Inna ta naɗe zarenta a hankali, sannan ta ce, "To ga yadda za a yi. Ki kwaso tabarmarki ki dawo ɗakina, ke da ɗiyan. Ko bayan gida za ki, da sanina. Ki dafa kalwa gabana, ki rufe gabana, kwando ya zauna ƙarƙashin rumfata. Mu ji abin da za ta ce."

Na ce na yarda, ko shekara ce. A zuciyata har murna na yi. Na san hancina a mace yake, na san wannan ma ɓaci za ta yi, kuma in ta ɓaci ina ƙarƙashin idon Inna, bakin kowa ya mutu. Aka ɗaure ƙofar ɗakina da igiya. Na ɗebo kalwar da na riga na wanke na shanya, na koma ɗakin tsohuwar da ba ta taɓa yi mini murmushi ba.

Ɗakin Inna ba komai cikinsa sai gado, da tulu, da jeren ƙore a rataye. Kullum a share yake, a yayyafe da ruwa, kuma ba ta yarda a saki asabari, ta ce ita ba gawa ba ce da za a rufe ta. Kwana ɗaya kawai ta iya jure ni. Ran na biyu da safe ina zaune baki buɗe ina ja ina haɗiya, ta ajiye mazari da ƙarfi.

Ta ce, "Wanga jan hanci naki zai kashe ni kwanana ba su ƙare ba. Tashi ki ɗora mini ruwa."

Ta tsinko ɗoɗɗoya a bayan ɗakinta, ta haɗa da ganyen lemun tsami da citta, ta zuba a tukunya. Da ya tafasa ta sauke, ta zaunar da ni gabansa, ta lulluɓe ni da gwadonta mai kauri, ta ce in yi sirace har sai tururin ya mutu. Na ce mata ai ba ya shiga. Ta ce in rufe bakina in gani ko ba zai nemi hanya ba. Bayan nan ta ɗauko ƙoƙo, ta zuba ruwan da aka tafasa ya huce ya koma ɗumin jiki, ta kwance wata 'yar jaka ta ɗebo gishiri irin wanda ayari ke kawowa, da ɗan yatsa biyu, ta ƙara ƙwayar kanwa da ba ta kai tsabar gero uku ba. Ta ɗanɗana, ta ce kada ya fi hawaye gishiri, in ya fi zai ƙona ni. Ta ce in zuba a tafin hannu in shaƙa kamar ina alwala, in toshe ɓari ɗaya in ja da ɗaya, in bar shi ya gangaro ta baki in tofar, sannan in fyace a hankali ba kamar mai fushi da hancinta ba. Safe, da rana, da maraice. In zan kwanta in naɗe tabarma in tada kaina.

Na yi na farko, ruwa ya tsaya a bakin hanci ya dawo, idona ya kawo hawaye. Na ce wannan ai azaba ce. Ta ce, "Uban mijinki haka ya yi ta fama duk lokacin sussuka, da wannan na riƙe shi har ya bar duniya. Shi bai cika ni da surutu ba." Na so in tambaye ta me ya hana ta gaya mini tun da wuri. Na fasa, domin na san amsar. Ni ban taɓa tambayarta komai ba, ita kuma tun da na fita takaba ba ta sa ƙafa a ɗakina ba.

Ran na uku na dafa kalwa wuni guda. Ran na huɗu na surfa ta da toka, muka je rafi tare, tana dogara sanda tana bina kamar mai kiwon akuya, na wanke, na sake dafawa, na tsane. Na shimfiɗa ganyen gwanda a kwando na zuba ta da zafinta, na rufe da ganye, na lulluɓe da tsumma, duk tana kallo. A wannan maraicen ne, bayan sirace, na shaƙi ruwan gishiri na ji ya wuce. Abin da ya fito daga hancina ba zan kwatanta shi ba, kada in hana wani cin abinci. Inna ta leƙo ta gani, ta daɗe tana kallo. Ɓarin hagu ya buɗe. Iska ta shiga da sanyinta har cikin kaina, nauyin goshin nan ya ragu, na yi sallar magariba ban ji dutsen ba.

Ran na shida da safe ina taje wa ɗiyata kai, na sunkuya, sai na ji ƙamshin man kaɗe a gashinta. Na tsaya da hannuna a kanta. Na sake sunkuyawa na ji, da gaske ne. Na juya wa Inna baya don kada ta ga fuskata, domin kuka ne ya zo mini, kuma na rantse ba za ta ga hawayena ba.

Ran na bakwai da hantsi na fito zan ɗebi ruwa, na bi ta gefen rumfa. Warin ya tare ni. Cikakke ne, mai nauyi, da ɗan zaƙin nan a ƙarshensa, ba tsami ba zarni. Tun da nake sana'ar ban taɓa yin wadda ta kai wannan ba. Hannuna har ya kama bakin tsumman.

Nan na tsaya, domin sai a lokacin na ga ramin da na haƙa wa kaina. In na buɗe kwandon nan daddawa ta fito da kyau, me gari zai ce? An tsare ta kwana bakwai, namiji bai samu hanya ba, ga daddawa ta yi. In na ce hancina ne ya warke, dariya za su yi, su ce ai dama, da aka tsare ki komai naki ya warke. Daddawar da ta fi kowace kyau ita za ta tabbatar da ƙaryar da aka yi mini, in fita gidan nan da ƙullin kayana, 'ya'yana suna tsaye a zaure suna kallo. Na saki tsumman. Na buɗe bakina na ci gaba da numfashi ta nan kamar yadda na saba, na wuce wajen tulu.

Kwana biyu na bar ta. Ban taɓa shan wahala irin ta kwana biyun nan ba, har da naƙuda. Da hancina yana toshe, ɓarna takan faru ban sani ba. Wannan kuwa ina zaune taku biyar daga kwando, ina jin komai. Na ji la'asar ta yi zaƙin ya fara gudu. Washegari na ji zarni ya shigo. Na ji lokacin da in an buɗe za a iya ceton rabi, na zauna ina tsinke zare ban motsa ba. Matar wan mijina ta zo wucewa ta ce, "Ni kam kamar na ji ta yi tun jiya." Na ce, "Ke ce mai sana'ar ko ni?" Ta ja bakinta ta tafi. Inna kuwa tana nan bakin ƙofa da mazarinta. In lokacin sirace ya yi ta ce in ɗora ruwa, in na gama ta miƙo mini ƙoƙon gishiri. Ko sau ɗaya ba ta dubi wajen rumfa ba.

Ran na tara bayan azahar na ce a kira wan mijina. Na ce kuma a kira maƙwabta, duk matan da ke da baki a bakin rijiya su zo su yi amfani da idonsu. Suka zo kuwa, har da waɗanda ba a kira ba. Na janyo kwando tsakiyar gida, na yaye tsumma, na ɗaga ganye. Ta yi baƙi ta narke, tsutsa na motsi a gefe. Mata suka ja baya suna rufe hanci da bakin zane.

Na miƙe tsaye, ban durƙusa ba. Na ce, "Kwana tara ina ɗakin Inna. Ƙafata ba ta taka ko'ina ba sai da ita. Ga abin da ya fito. To a gaya mini wane namiji ne ya zo. In ya zo, ta ƙofar Inna ya shiga, kuma gefen gadonta ya kwana."

Wan mijina ya yi a'uziyya. Duk ido ya koma kan tsohuwar, ni ma ita nake kallo, domin kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta rushe komai. Ta dafa sanda ta tashi, ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Na tsare ta da idona. Ciwo ne, na ga abin da ya fito daga kanta. Wadda ta sake kawo maganan nan, ɗakina ta zaga, kuma ni za ta amsa wa."

Wan mijina ya naɗe buzunsa ya koma zaure. Daga ranar bai sake yi mini zancen komawa gida ba, har ya rasu.

Ba kyauta na sha ba. Kafin kasuwa ta sake ci, gari duka ya ji mai daddawa ta rasa hanci, kuma ba ni da halin in ce ƙarya ne. Fatake suka koma wajen wata da ba ta kai ni rabi ba. Shekarar nan da kaɗi da dakau na ci da yarana, ina daka wa matan da suka zage ni hatsi, ina karɓar ladana kaina a sama. Ɗorawar ɗakina na kwashe ta kaf, na share, na sake daɓe, na buɗe taga. Na kwaɓa ƙasa da ƙafata na gina ɗan rumbu na kaina bayan ɗaki, ban nemi izinin kowa ba, ba kuma wanda ya hana. Tun daga nan ban sake daka ɗorawa cikin ɗaki ba. A fili nake yi, iska a bayana, jiƙaƙƙen ƙyalle ɗaure a hancina, masu dariya suna yi. Ruwan gishiri kuwa har yau da tsufana ban bar shi ba, in bazara ta zo sau uku a wuni. Sai da aka yi damina biyu kafin masu saye su dawo, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana yin kamar bai taɓa tafiya ba. Na yi ƙarya, na ɓata abinci da gangan, wannan na roƙi Allah gafara a kansa kuma ina roƙo. Mutanen garin nan kuwa ban nemi gafarar ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma da za a mayar da ni ranar, haka zan sake yi.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne bayan da taron ya watse a ranar. Kowa ya tafi, tsakar gida ta rage daga ni sai Inna sai kwando. Na sunkuya ina tattara tsumman. Ta matso da sandarta ta tsaya kusa da ni, ba ta dube ni ba, kwandon take kallo.

Ta ce, "Shekaranjiya da hantsi ta nuna. Har cikin ɗaki na ji ta."

Na ce, "Na sani, Inna."

Sannan ta ce, "Ban taɓa jin wadda ta kai ta ba."

Ta juya ta shiga ɗakinta. Na yi gammo na ɗora kwandon a kai, na fita ta zaure, na ratsa gari da rana kowa yana gani, har juji bayan ganuwa. Ina jin warin tun daga ƙofar gida har can, ban toshe hancina ba.